Inda ake kafa madafi, da ƙasar da ake bari a tsakar gida

Tambayarka biyu ce, ɗana: me ya sa na ce a sake jan igiyar madafi bayan an riga an auna, kuma me ya sa na hana a rufe duk gefen katangar yamma da daɓen siminti, alhali mai gidan ya ce a shafe ko'ina. Kana ganin asarar yini ce da ta kuɗin aiki. To, saurara.

Wanda ya ba mu kwangila ba shi zai shiga madafin nan ba. Zai zo ya duba falo da turakarsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe, ya yi mana Allah ya sa albarka. Uwargida ce za ta tsaya a gaban wuta safe da rana da yamma. Shi ya sa kafin a haƙa fandisho nake roƙon mai gida ya tambayo min ita: da itace take girki, da gawayi, ko da gas? A zaune take tuƙa tuwo ko a tsaye? Wasu masu gidan sukan yi dariya. Ni dai ban taɓa jin matar da ta rasa amsa ba.

Awon farko ya sa ƙofar tana kallon gabas. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, ruwan kuma da iska yake zuwa, a karkace. Magabatanmu masu ginin ƙasa sun san haka, shi ya sa bangon gabas suka fi kula da shi wajen yaɓe da makuba. Ƙofar gabas na nufin itace ya jiƙe, murhu ya cika da ruwa a tsakiyar Agusta. Za ka ce to a juya ta yamma. Nan ma akwai magana: tuwon dare daga la'asar ake ɗora shi, daidai lokacin da rana ta karkata tana dukan wannan gefen. A watan Afrilu, Kano ko Sakkwato ko Damagaram, zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Haɗa wannan da rufin kwano mara silin da wutar murhu. Matar da ta fito daga nan da gumi da jan ido, yaro ya taɓa ta ta daka masa tsawa, sai a ce faɗa gare ta. Wani faɗan magini ne ya gina shi da hannunsa.

Don haka muka juya ƙofar kudu, tana kallon tsakar gida, uwargida tana motsa miya idonta na kan yara.

Sai hanyar iska, wadda yaran yanzu kuke rainawa. Hayaƙi sama yake yi, don haka a jera bulo mai huji can ƙarƙashin rufi, a bango biyu masu fuskantar juna. Gas kuwa ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka a bar wata kafar kusa da daɓe, tukunyar gas ɗin kuma a gina mata ɗan gurbi a waje mai inuwa. Kuma ka riƙa faɗa wa mutanen gida: gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yana kisa, ba wari ba hayaƙi, sai dai barci.

Maganar ƙasar da na bari kuwa, faɗinta bai wuce taku uku ba. Siminti yana shan rana yini guda, da dare ya amayar da zafin, ga shi ruwan sama ba shi da wurin nutsewa sai ya taru a bakin rariya. Wannan 'yar ƙasar za ta ɗauki zogale biyu, a dasa reshe kawai ya kama. Za ta ɗauki yakuwa da rama da barkono, in an kafa rumfa kabewa ta hau ta tare wa bangon madafi rana. Ranar da cefane ya yi ƙaranci, an sami abin kaɗa miya. Ban da wannan ma, mace da ke wuni a cikin gida tana son ta ga wani abu kore da ita ta shuka, ta ba shi ruwa, ta tsinka ta aika wa maƙwabciya.

Amma kada ka bari su dasa mangwaro ko darbejiya a nan. Saiwarsu za ta bi danshi ta tsaga fandisho ko ta shiga salga, a dawo ana zagin aikinmu.

Gobe in za ku zuba daɓen, ka karkata gefen madafi kaɗan zuwa wajen shukar, don ruwan wankin shinkafa da na hatsi ya gangara can. Wurin wanki da wanka kuma a karkata shi zuwa rariya, domin ruwan omo yana ƙona shuka. Tsakanin katanga da inda za a shuka ka bar taku guda na siminti saboda danshi. In kun gama ya bushe, ka kwara bokiti guda ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa kafin ka kira ni.