Amsa ga ƙanenmu da ke tambaya kan ci gaba da gasar ninkaya a jami'a

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana ajin ƙarshe na sakandare a nan Amurka, kana yin yadi 100 na firi (freestyle, salon ninkaya mafi sauri) a sakan 49 da ɗan wani abu, kana so ka ci gaba da gasa a jami'a amma ba ka san ta inda ake shiga tim ba, su Baba kuma na tsoron kar ruwa ya cinye karatun. To ni na yi ninkaya a D3, wato mataki na uku na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka (D1 ne na sama, sai D2), har na gama digiri, bari in faɗa maka yadda abin yake a ƙasa ba yadda ake nunawa a Instagram ba.

Abu na farko ka cire sunan makaranta daga ranka tukuna, ka kalli lokacinka. Ninkaya ba kamar ƙwallo ba ce da koci zai ce ya hango wani abu a ƙafarka, agogo ne ke magana kawai. Ka shiga Swimcloud, shafin intanet da ke tara sakamakon ninkaya, ka buɗe sakamakon gasar ƙarshen kaka ta rukunin jami'o'in da makarantar take gasa a ciki, ka duba wanda ya zo na 16 a tseren da kake yi. In lokacinka ya yi kusa da nasa to kocin nan zai amsa maka imel, domin makin da tim ke samu a gasar yake nema. In kuwa tazarar ta kai sakan huɗu biyar, wallahi kar ka wahalar da kanka. Da 49 ɗinka manyan D1 irin su Texas da Florida da Cal ba layinka ba ne yanzu, yaran da suke ɗauka tun suna sakandare suna ƙasa da 45, kuma a can ne Caeleb Dressel, zakaran ninkaya na Olympics, ya yi 39.90 a yadi 100 a 2018 yana Florida, ka ga irin mutanen da ake zancen. Amma a D3 da D2 da NAIA (wata hukumar daban ta ƙananan jami'o'i) akwai tim da yawa da za su yi murna da kai, har su sa ka a rile, tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu, tun shekarar farko. Kuma kar wani ya raina maka D3, maza na kwalejin Kenyon sun ci kofin ƙasa na D3 sau 31 a jere daga 1980 zuwa 2010, ba wasan yara ake yi a wurin ba.

Maganar sikolashif kuwa nan ne iyayenmu ke yawan ruɗewa. D3 ba sa ba da kuɗi don wasa ko sisi, haka ma Ivy League, rukunin su Harvard da Yale, sai dai tallafin karatu na ƙoƙari ko na buƙata, wanda sau da yawa ya fi abin da D1 za ta yaga maka. A da dokar D1 ta kayyade sikolashif 9.9 ga tim ɗin maza gaba ɗaya, 14 ga mata, shi ake yayyankawa ana raba wa mutum kusan talatin, kowa ya samu ɗan tsagi kamar naman layya a gidan yawa. Daga 2025 bayan sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan biyansu kuɗi, an cire wannan ƙa'idar a makarantun da suka shiga tsarin, aka koma kayyade yawan 'yan tim zuwa 30, to abin da ya biyo baya shi ne gurbin masu shiga da kansu ba tare da koci ya nemo su ba ya ragu sosai. Sannan jami'a tana iya rufe tim ɗin ɗungurungum, Michigan State ta sanar da haka a 2020. Shi ya sa kullum nake ce wa yara, ka zaɓi makarantar da ko gobe kafaɗarka ta lalace ko an rufe tim za ka zauna ka gama karatunka da daɗin rai.

Yanzu rayuwar kanta. A takarda awa 20 ne a mako dokar NCAA ta yarda a D1 da D2, amma tafiya gasa da zaman likitan jiki da sauransu ba sa cikin lissafin. Mu ƙarfe shida na safe muna cikin ruwa, ka fito ɗaki a watan Janairu ana zuba ƙanƙara, gashinka bai bushe ba ya daskare kafin ka isa aji, kana warin kulorin, malami na bayani kai kana gyangyaɗi kana cin ayaba a ɓoye. Da yamma a koma, yadi dubu biyar dubu shida, ga ɗaga ƙarfe. Hutun Disamba da kowa ke tafiya gida ku kuma lokacin ne tirenin mafi zafi, sau biyu a rana. Sai Fabrairu ta gabato a fara rage nauyin tirenin jiki ya huta, a aske gashin jiki, a sa matsattsen wandon gasar nan mai tsada da sai ka yi minti ashirin kana ja kafin ya hau, duk wahalar wata biyar a kan tseren da bai kai minti ɗaya ba. Amma fa daɗinsa, ranar da ka sauka makarantar kana da abokai ashirin da wani abu kai tsaye, ga wanda zai nuna maka malamin da za ka guje wa, kuma ni makin karatuna ya fi kyau lokacin kaka fiye da bayanta, don ba ka da lokacin ɓatawa sam.

Akwai abin da ya shafe mu da ba za ka gani a shafin makaranta ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne Fabrairu da Maris, daidai lokacin gasar rukuni da ta ƙasa. Ka yi maganar nan da koci tun kafin ka amsa masa, ka ji yadda zai karɓe ta, ko zai yarda ka mayar da tirenin ɗinka bayan sahur ko bayan buɗa baki, ga kuma Juma'a da ake yawan tafiya gasa. Fatawa ba tawa ba ce, wannan ka tambayi malami. Yadda koci ya amsa wannan tambayar zai nuna maka halinsa fiye da duk zagayen da za su yi da kai a harabar makaranta. Haka batun shaye-shayen da wasu tim ke yi daren Asabar, in ka je ziyara ka tambayi 'yan shekarar farko a gefe, su ba sa ɓoyewa.

Tunda kana ajin ƙarshe ka ɗan makara, don kocin D1 suna fara tuntuɓar yara tun 15 ga Yuni bayan shekara ta biyu ta sakandare, amma D3 da NAIA suna ɗauka har zuwa bazara. Ka cike fom ɗin neman shiga da ke shafin kowane tim, ka bi shi da imel gajere, sunanka, lokutanka uku mafi kyau, makin karatunka, abin da kake so ka karanta, da lambar kocinka na yanzu. Kai za ka rubuta ba Baba ba, suna gane rubutun iyaye. D1 da D2 sai ka yi rajista da NCAA Eligibility Center, ofishin da ke tantance cancantarka ta yin gasa. Masu karantawa daga gida Najeriya ko Nijar, ku tuna jami'o'in nan a ful, wato wurin ninkaya, mai yadi 25 ake gasa, yadi 100 kuwa mita 91 ne da ɗan kai, don haka ku rubuta a fili cewa lokacinku na mita ne kuma a ful mai mita nawa.

In duk wannan ya yi maka nauyi, ko kana harin injiniyanci ko likitanci a babbar jami'ar da tim ɗinta ya fi ƙarfinka, akwai kulob ɗin ɗalibai da ba tim ɗin jami'a na hukuma ba. College Club Swimming suna da gasar ƙasa tasu duk shekara, tirenin 'yan kwanaki a mako, ranar jarrabawa ka ƙi zuwa ba mai kiranka a waya. Wani abokina da ya fi ni gudu nesa ba kusa ba can ya zaɓa, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Ka turo min lokacinka na 50 da 200 da jihohin da su Baba za su yarda ka je, in sha Allahu zan duba maka makarantu huɗu ko biyar da za ka fara rubuta wa cikin makon nan.