Tambaya da Amsa: Don me ginin Normanawa ke tsaye, ganuwarmu ta kwanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Mushe. Ni magini ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Da tubali na fara a hannun mahaifina, tun siminti bai cinye kasuwa ba. Yarona da ke lise ya nuna mini hoton wani gini a salularsa, ya ce a Landan yake, wasu da ake kira Normanawa suka gina shi, kuma ya haura shekara 900. Abin ya tsaya mini a rai. Su wane ne mutanen nan, da me suka yi aikin? Ganuwa ce irin tamu? In ita ce, don me tasu ke tsaye, tamu kuwa ko gurbinta ba mu iya nuna wa 'ya'yanmu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ginin da yaronka ya nuna maka shi ake kira Farar Hasumiya, a bakin kogin Tems yake, kuma yaron bai yi ƙari a shekarun ba.

Normanawa jikokin mayaƙan teku ne da suka gangaro daga arewacin Turai. A 911 sarkin Faransa ya gaji da harinsu, ya yanka wa shugabansu Rolo ƙasa a bakin teku, ita ce Normandi. Suka zauna, suka karɓi addinin Kirista da harshen Faransanci. Wiliyam, wanda muka karanta a lakwal da sunan Giyom, daga zuriyar Rolo ya fito. Ya ƙetare teku da rundunarsa, ya gwabza da sarkin Ingila Harol a Hestings ranar 14 ga Oktoba 1066, Harol ya faɗi a fagen fama, ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka naɗa Wiliyam sarki. To ka ga matsalarsa: shi da 'yan dubban mayaƙa, baƙi, ba su jin harshen ƙasar, a tsakiyar mutane fiye da miliyan ɗaya da ba su so su ba. Baƙon da ya kwana a gidan da ya ƙwace, da ido ɗaya yake barci. Wannan tsoron shi ya haifi gine-ginen.

Da farko ma ba dutse suka sa ba. Sai su tara talakawa a haƙa gwalalo zagaye, ƙasar da aka fitar a tula ta a tsakiya har ta zama tudu, a kafa hasumiyar katako a kansa. A gindin tudun a kewaye fili da kafi, nan dawaki da rumbuna da maƙera da barori suke. Da ka ga zanen irin wannan za ka ce ai kafi ne, irin wanda garuruwanmu na bakin daji suka riƙa yi lokacin yaƙi. Sun gina ɗaruruwa a faɗin Ingila, yawancinsu yau sai tudun kawai, ciyawa ta rufe shi. Kuma ba a fili suke neman wuri ba. Littafin ƙidayar da Wiliyam ya sa aka yi a 1086 ya rubuta cewa a garin Linkon gida 166 aka rushe don a sami inda za a kafa nasu.

Wajen 1078 aka fara ta Landan da dutse, a kusurwar tsohuwar katangar da Rumawa suka bari. Wani limamin coci mai suna Gundulf, wanda ya shahara da sanin gini, shi ya tsaya a kan aikin. Wiliyam ya rasu a 1087 bai ga ƙarshensa ba, sai wajen 1100 aka gama. Ga awon, tunda da magini nake magana: tsawo kamar mita 36, faɗi 32, tsayi 27, kaurin bango daga ƙasa ya haura mita 4. Ka auna falon da ka gina kwanan nan, wataƙila zai shige cikin kaurin bangon nan. Yadda suke yi kuwa, a jera dutse fuska biyu, ciki da waje, a cika tsakani da ɓaraguzan duwatsu da kwaɓi. Kwaɓin nan ba siminti ba ne. Farin dutse suke ƙonawa, su jiƙa shi ya zama farar ƙasa, su haɗa da yashi. A hankali yake kamawa, sanyi mai ƙanƙara kuma yana ɓata shi, shi ya sa in hunturu ya shigo sai a rufe kan bangon da ciyawa a dakata, kamar yadda ku ma ba ku ɗora ginin ƙasa a tsakiyar damina.

Dutsen jikin bangon daga yankin Kent na Ingila aka kawo shi ta ruwa. Na kusurwoyi da bakin ƙofofi da tagogi kuwa, wanda ake sassaƙawa, daga Normandi aka yi jigilarsa a jirgi, daga birnin Caen, wanda Faransawa ke furtawa "Kan". Wannan dutsen na taɓa shi da hannuna. Shekarun baya an tura mu wani ɗan horo na malaman tarihi a Caen, wata safiya mai yayyafi na hau katangar gidan da Wiliyam ya fara ginawa can wajen 1060. Launin dutsen kamar na man shanu, na shafa shi sai ga ɗan gari fari a tafina. Aka gaya mana in an fasa shi sabo daga rami laushi gare shi, zarto na yanka shi, sai ya sha iska yake ƙara tauri. Na tsaya ina kallon layin da ke tsakanin dutse da dutse, siriri, a miƙe, na tuna hannun tsofaffin maginanmu in suna ɗaure bakan gizo da azara. Ido ɗaya ne, haƙuri ɗaya ne, kayan aiki ne suka bambanta.

Kowane abu a Farar Hasumiya da dalilinsa. Ƙofar shiga ba a ƙasa take ba, a hawa na farko take, sai an hau matakalar katako wadda za a iya cire ta in maƙiyi ya taho. Tagogin asali ƙanana ne, manyan da ka gani a hoto daga baya aka buɗa su. Rijiya a ciki take. Makewayi da murhun jin ɗumi a cikin kaurin bango aka fafe su. Akwai ɗakin ibadarsu, da ginshiƙai gajeru masu kauri da baka mai rabin da'ira, alamar da ake gane ginin Normanawa da ita ko daga nesa. Sunan kuwa ya samo asali ne daga farar ƙasar da sarki Henri na uku ya sa aka shafe ta da ita a 1240.

Wannan siffa mai kusurwa huɗu tana da rauninta. A Rochesta, wani gari a yankin Kent, akwai irinta da aka fara a 1127. A 1215 sarki Jon ya yi wa 'yan tawaye ƙawanya a ciki. Ya sa aka haƙa rami ƙarƙashin kusurwa ɗaya, ana tokarewa da itace, sannan aka zuba kitsen aladu 40 aka cinna wuta. Itacen ya cinye, kusurwar ta rufta. Da aka zo gyara sai aka mayar da ita zagayayya, har yau uku masu kusurwa ne, ɗaya kamar rumbu.

Yanzu ga inda tambayarka ta fi nauyi. A'a Malam, ba ganuwa ba ce. A shekarun da ake ƙarasa Farar Hasumiya, tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ganuwar Kano. Zamani ɗaya, amma niyya biyu. Ganuwa gari take runguma: sarki da talaka, kasuwa da marina, rijiyoyi, har da gonaki, don in an yi ƙawanya a sami abin ci, mutanen ƙauye kuma su kwararo ciki da dabbobinsu a rufe ƙofa. Haka Katsina, haka Damagaram, haka tsohuwar Maradi da Dan Kasawa ya zauna a cikinta wajen 1819 bayan gidan sarautar Katsina ya baro birninsa. Gidan Normanawa kuwa mai mulki yake rufewa shi da mayaƙansa, mutanen gari suna waje, kuma su ne abin tsoron. An ɗaga shi sama ne don ɗan Landan ya fito da safe ya gan shi ya san wa ke da ƙasa. Ina jinjina wa maginan da suka yi shi, amma in aka ce in zaɓi tunanin da ya haifi ɗaya cikin biyun, na ganuwa zan ɗauka.

Batun tsayuwa kuma, kada ka ɗauka dutse ne kaɗai sirrin. Babbar hasumiyar da ke tsakiyar gidan Caen dutse ce, amma tushenta kawai na tarar, don a 1793 masu juyin juya halin Faransa suka ba da umarnin rushe ta, bama-baman 1944 kuma suka yi wa wurin ɓarna. Ta Landan ta tsira ne saboda ba a taɓa barinta kango ba: fada, ma'ajiyar makamai, ma'ajiyar takardun mulki, kullum da mai gyara. Ga hasumiyar masallacin Agadas, ƙasa ce da itace, tsayinta mita 27, daidai da Farar Hasumiya. An gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, tana nan saboda mutanen Agadas ba su daina yaɓe ba. Ganuwarmu ma da yaɓe take rayuwa, bayan kowace damina unguwa-unguwa ake fita gayya. Da Nasara ya zo yaƙi ya ƙare, gayyar ta mutu, ruwa ya riƙa ci, mutane suka riƙa ɗibar ƙasar suna tubali. Sannan ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari, aka hau tudu. Abin da ke damuna, tsofaffin da suka ga tsohon garin da idonsu suna ƙarewa. Kai da ka riƙe tubali, ka ɗauki yaronka da salular nan tasa ku gangara wajensu, ku tambayi inda ƙofofi suke, ku naɗi muryarsu. In kun samu, ku aiko mini, zan buga a wannan fili.

TAMBAYA: Baba, ina aji na ƙarshe a lise, daga Tibiri. Malaminmu ya ce hasumiyar Landan kurkuku ce. Don haka aka gina ta?

AMSA: 'Yata, malaminku bai yi kuskure ba, sai dai ba don haka aka gina ta ba, gidan sarki ce da mafakar mayaƙa. Tsare fursunoni a cikinta daga baya ya zo, kuma manya aka fi kaiwa can. Na farko da tarihi ya riƙe sunansa shi ne Ranulf Flambar, limamin cocin Daram, wanda ya yi ƙaurin suna wajen tatsar haraji. Sarki Henri na ɗaya ya kulle shi a 1100. A farkon 1101 aka shigo masa da igiya a ɓoye cikin tulun giya, ya shayar da masu gadi har barci ya kwashe su, ya zura igiyar ta taga ya sauka, ya tsere Normandi. Ki riƙe shekarun nan biyu, kuma in kin tashi rubutawa ki bambanta Farar Hasumiya ta Wiliyam da katangu biyu da gwalalon da suka kewaye ta, don waɗannan aikin Henri na uku ne da ɗansa Edwad na ɗaya, a ƙarni na 13. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.