Sifika mai ƙaho a falo: saya, amma ka shirya yi mata aiki

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambayar jiya, ka ce an yi maka tayin tsofaffin sifiku biyu irin na masu kiɗan biki, wufa (babban faifan da ke fitar da sauti mai kauri) inci 15 a ƙasa da ƙaho a sama, kuɗin bai taka kara ya karya ba, sai dai abokanka sun ce ƙaho na masallaci ne da tashar mota, in ka kai shi falo kunne zai tsaga maka. Na ga yawancin masu amsa sun ce kar ka soma. Ni irinsu ne a falona yau shekara bakwai, kuma cewa nake ka saya muddin wufofin lafiyarsu ƙalau. Amma ka sani, ranar da ka kai su gida ba za ka ji daɗinsu ba.

Abokan naka abu biyu suka haɗa. Lasifikar kan hasumiya, irin su TOA da Ahuja, an ƙera ta ne don muryar mutum ta kai nesa, ta kuma jure rana da ruwa. Ba ta da ƙasa, wato sauti mai kauri, samanta ma, wato siririn sauti, yankakke ne, tsakiya ce zalla. Wannan ko me ka yi mata ba za ta zama ta falo ba, kuma ba laifinta ba ne, aikinta take yi. Shi kuwa ƙaho dabara ce kawai, irin ta kakaki da algaita: ɗan motsi a ƙaramin maƙogwaro, sai bututu mai buɗewa a hankali ya miƙa wa iskar waje. Sifika gama-gari tana ba da kamar dB (ma'aunin ƙarar sauti) 85 zuwa 88 in ka ba ta wat ɗaya ka tsaya nisan mita ɗaya, galibin wutar zafi take komawa. Mai ƙaho takan kai 100 har ta wuce. Kowane dB 10 na nufin wuta ninki goma, don haka ƙarar da waccan sai ta sha wat 40, wannan wat 2 ya ishe ta. Ga mu da ke lallaɓa batirin sola da daddare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babbar amfilifayata na daɗe da ajiye ta a ƙarƙashin gado, ƙaramin allon amfilifaya ne mai guntun TPA3116 yake ja mini su, kan batir kai tsaye.

Kuma ba talaucin wuta ne kaɗai ya sa wasu ke son ta ba. A Amurka, da fim ya fara magana a ƙarshen shekarun 1920, amfilifayoyin lokacin 'yan wat kaɗan gare su, da ƙahon Western Electric aka cika gidajen silima. A 1945 kamfanin Altec ya fito da sifikar silima mai suna Voice of the Theatre, a 1946 Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Arkansas da sifikarsa Klipschorn, wadda har gobe ana ƙera ta. Wayon da ya yi ya burge ni: igiyar sauti mai kauri ta Hz 50 (karkarwa 50 a daƙiƙa) tsawonta ya kusa mita 7, ƙahon da zai ɗauke ta ya fi ƙarfin ɗaki, sai ya nannaɗe shi cikin akwati ya bar bangon kusurwa biyu su ƙarasa bakin. A Japan akwai masu zuba maƙudan kuɗi kan tsofaffin nan na silima su girke a ɗan ɗakinsu. Su ma fa gyara suke yi. Ƙahon Altec 511B na alminiyam ne, kowa ya san yana amo kamar ƙararrawa, masu shi kan lafta masa abin da zai kashe amon. Wato ciwon da ke damun taka ya dami ta manya.

To ga abin da ya faru da ni. Daren farko na sa musu kiɗan kalangu, ko minti biyar ba a yi ba uwargida ta leƙo ta ce in gidan biki zan mayar mata da falo in faɗa mata ta kira ƙawayenta. Gaskiyarta. Duk wata "s" a bakin mawaƙi sai ka ji kamar an soka maka tsinke. Na kwana ina da-na-sani.

Da na buɗe bayan akwatin na ga dalili. Kurosobar, wato abin da ke raba sauti tsakanin wufa da ƙaho, gaba ɗayanta kafasita ɗaya ce da ta kumbura, an ɗaure ta da tef. Babu abin da ke rage wa ƙahon ƙarfi, alhali injin da ke bayansa, wanda masu gyara ke kira direba, ya fi wufar ƙara da kusan dB 10. A filin biki wannan ake so, don saman sauti ya ratsa hayaniya. A ɗaki mai tayil azaba ce. Maganin rezisto biyu ne masu wat 10, kuɗinsu bai kai na farantin shinkafa ba. In direban ohm 8 ne, ka sa mai ohm 5.6 a jere da shi bayan kafasitar, ka sa mai ohm 3.9 ta haɗa ƙafafunsa biyu, ka rage kusan dB 10 ke nan. In ka ji ya yi dishi-dishi da yawa, koma 3.9 a jere, 8.2 kuma a tsakanin ƙafafu, wannan dB 6 ne. Ni na yi mako guda ina canjawa da karatun Alƙur'ani da labaran rediyo, don kunne ya fi sanin muryar mutum fiye da kowane kiɗa. In wannan kaɗai za ka yi, ka ci rabin gyaran.

Kafasitar ma ka canja ta, ka sa irin ta roba mai launin rawaya ko ja, ba mai gwangwani ba. Kar a bar ƙaramin direba mai maƙogwaro inci ɗaya ya sauko ƙasa da Hz 1,500 ko 2,000, nan ne yake fara maganar hanci irin ta mai sanarwa a tasha. Kafasita mai mikrofarad 6.8 a jere, da kwayil (nannaɗaɗɗiyar waya) mai kamar milihenri 0.9 a tsakanin wayoyin biyu, bayan kafasitar kafin rezistocin, za su tsayar da shi wajen 2,000 a kan ohm 8. Ita ma wufar a sa mata nata kwayil ɗin, kar ta hau sama su yi ta rige-rige. Wani zai ce a bar kafasita a haɗa kai tsaye don gwaji kawai. Na yi. Ana cikin gwajin aka ɗauke wuta aka dawo da ita, tsohuwar amfilifayar ta yi "ɗum", faifan direban ya tafi. Sai da na jira mako uku aka kawo mini wani daga kasuwar Alaba ta Legas, kuma dole na canja duka biyun don sabo da tsoho ba sa daidaita.

Sai jikin ƙahon. Ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Nawa roba ce siririya, tana "kwal-kwal" kamar bokitin wanka, kuma wannan amon yana bin duk abin da ka saurara. Tef ɗin kwalta da ake liƙe kwanon rufi mai yoyo na saya, na manne bayansa ninki biyu, tun daga wuya har baki, ina dannawa da bayan cokali. Da na sake ƙwanƙwasawa sai "tib", kamar ka taɓa bango. Bayan kawai, kar ka sa komai a cikinsa. Lokacin ne ma na kwance direban na haska maƙogwaron da tocila, na tarar zanzaro ya yi gininsa na laka a ɗaya, ya toshe kusan rabi. Ashe shi ya sa ta hagu ke magana kamar mai mura. Ka duba naka, kayan da suka daɗe a shago ba a rasa wannan ko ƙurar hunturu.

In ka leƙa ba ka ga maganaɗisu mai nauyi a bayan ƙahon ba, sai ɗan abu mara nauyi kamar murfin kwalba, to fiyezo ne. Cire shi ka nemi direba na gaske, lissafin da na kawo ba ya aiki a kansa.

Akwatin ba shi da dogon zance: katako ɗaya a tsakiya ya tokare gefe da gefe, audugar katifa a bangon baya, a toshe duk inda iska ke fita ban da ramin da aka yi don haka.

Kar in yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Irin waɗannan akwatunan ba sa sauka can ƙasa kamar sabwufa, sifikar da aka yi don sauti mafi kauri, an yi su don ƙara ne. Matsar da su kusa da kusurwa zai taimaka. Kuma ƙaho kamar tocila yake, inda ya kalla nan yake zuba sauti, saboda haka ka ɗaga su daidai kunnenka in kana zaune, ka karkato su har su haɗu ɗan gaba da kujerarka, ka zauna aƙalla mita 3. Kafet da labule mai kauri su ma suna cikin gyaran. In ka ji "sss" alhali ba ka kunna komai ba, amfilifayar ce, ƙaho ba ya rufa wa kowa asiri. Amma in komai ya zauna, ko a ƙasa-ƙasa da tsakar dare kana jin saukar sanda a fatar ganga da jan numfashin mai karatu, abin da ƙananan sifikuna na da ba su taɓa ba ni ba sai na ƙure su.

Kafin ka biya, tafi da batirin tocila mai volt 1.5 da 'yar waya. Ka taɓa a bayan kowace akwati, wufar ta motsa ba tare da ƙarar gogayya ba, kuma duka biyun su fito waje in kan batirin na kan jan wuri. Ka danna faifan a hankali da yatsu huɗu, ka sunsuna ramin iskar ko akwai ƙaurin ƙuna. In ka ɗauko su, turo hoton bayan direban da na kurosobar, in Allah ya yarda mu yi lissafin tare.