An kama mahaifinmu a madadin ƙanena

Tambaya: Malam, ƙanena ya karɓi kaya bashi ya gudu. Mai kayan ya sa aka tsare mahaifinmu, wai sai yaron ya bayyana, kuma ana neman kuɗin beli. Wani ya ce mana kai ƙara kotun gwamnati kafirci ne. Ina mafita?

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya yaye muku. Abu guda ba ki faɗa ba, kuma hukuncin a kansa ya rataya: shin baba ya tsaya wa yaron lokacin karɓar kayan? In ya yi lamuni, mai kaya na da ikon bin sa kuɗinsa, amma a gaban alƙali. In bai yi ba, ko sisi ba a bin sa, tsare shi kuwa zalunci ne ba saɓani. Annabi Yusuf ya nemi tsarin Allah daga kama wanin wanda aka samu kayan a wurinsa.

Dokar Najeriya ma ta hana. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya haramta kama mutum a madadin wani, kuma bashi ba laifin tsarewa ba ne.

Maganar kafirci kuwa kuskure ce mai tsada, don talaka ne kullum yake kwana a ciki saboda ita. Ayar Suratun Nisa'i da masu wannan magana suke kafa hujja da ita tana zargin wanda ya guje wa hukuncin Allah ne don ya fifita wani hukuncin. Ke me kike nema? A saki wanda Allah da kansa ya ce ba ya ɗaukar nauyin wani. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, sarkin Habasha, ya kare Musulmi, alhali ba da Alƙur'ani ake hukunci a Habasha ba. Annabi (SAW) ya yabi Hilful Fudul, alkawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla tun jahiliyya na tsaya wa wanda aka zalunta. Wanda ya hana ki kotu, shi zai je ya fito da tsohon?

Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne. Ku fara da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko lauya. In hanya ta toshe kuma lafiyar baba na cikin haɗari, ku ba da kuɗin, zunubin na mai karɓa ne.

Sannan in kun san maɓoyar yaron, kada ku rufa masa. Ku gaya masa tsoho na kwana a kan siminti saboda shi, ya dawo a zauna da mai kaya a yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Allah ne mafi sani.