Amsar Yaya ga ƙaninmu mai tambaya kan aikin rubuta manhaja

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri murya zan yi, don in na ce sai na rubuta abin da ke bakina yatsun nan ba za su yarda ba, tun safe suke kan kibod.

Ƙanina, na ga tambayarka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ga waɗanda saƙon ya wuce su, cewa ya yi wata takwas ke nan yana koyon kodin, wato rubuta kod, umarnin da ake gina manhaja da shi. Ya fara da yaren rubuta manhaja na Python, ya ji ana yayin yaren JavaScript ya tsallaka can, yanzu kuma wani ya ce masa yaren Go ne ke ci. Yana so ya san yadda ainihin ranar mai wannan aiki take, sannan da wannan ƙirƙirarriyar basira da ta zo tana rubuta kod da kanta, anya ba wahalar banza yake sha ba.

To, bari in fara da ranar aikin, don nan ne aka fi yi mana gurguwar fahimta. Na san hoton da ke ranka: mutum a ɗaki mai duhu, baƙin allo, koren rubutu na gudu, yatsu na ta ƙaƙas-ƙaƙas. Wallahi akwai ranar da zan wuni cur layin da na rubuta bai kai goma ba. Akwai ranar da abin da na yi kawai shi ne goge layi ɗari biyu, kuma ita ce ranar da na fi yin abin kirki a wannan makon. Yawancin lokacinmu a karatu yake tafiya. Karatun kod ɗin da wani ya rubuta shekara huɗu da suka wuce, ya kama gabansa, ko layin bayani ɗaya bai bari ba. Wani lokaci ma kana karantawa kana tsaki, kana cewa wane ne ya yi wannan aika-aika, sai ka leƙa tarihin a Git, manhajar da ke ajiye duk canjin da aka yi wa kod da sunan wanda ya yi shi, ka ga sunanka ne zaune ɗaram. Sai ka yi shiru ka gyara zama.

Da safe akan yi ɗan gajeren mitin, minti 15, asalinsa ma a tsaye ake yi don kada kowa ya ja zance: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya. Wannan salo ya bazu ne bayan wasu mutum 17 sun haɗu a jihar Utah ta Amurka a 2001 suka fitar da 'yar gajeriyar sanarwa kan yadda ya kamata a riƙa gina manhaja, wadda ake kira Agile. Abin dariyar, su niyyarsu a rage takardu da bin ƙa'idojin da ba su da amfani, amma yau akwai wuraren da da sunan abin ake wuni a mitin. Wannan dai zancen wata rana ne.

Daga nan sai ka ɗauki tikitinka, wato aikin da aka rubuta aka ba ka. Bari in ba ka misali na kusa. Aka turo min cewa wai wasu mutane ba sa iya yin rajista. Shi ke nan bayanin. Wasu su wa? Da wace irin waya? Yaushe? Babu. Na gwada a kwamfutata, lafiya lau. Na gwada a waya, lafiya lau. Na koma cikin rumbun da manhajar ke ajiye rahoton duk abin da ya faru, ina bi layi-layi kamar mai tsintar allura. Sai wajen awa uku na lura da wani abu: duk waɗanda abin ya ƙi, akwai ɗan waƙafin nan na sama a sunansu, irin na Mu'azu ko Sa'adatu. Wanda ya rubuta wurin bai taɓa tunanin suna zai zo da wannan alama ba, ita kuma alamar tana da tata ma'anar a yaren rumbun bayanai, sai ta yanke umarnin a tsakiya. Gyaran? Layi biyu. Awa uku na nema, minti biyu na gyara. Ka ga aikin namu ke nan a taƙaice. Kuma irin wannan ƙofar ce ɓarayin intanet ke bi su kwashe bayanan mutane, don haka abin ya wuce wasa.

Bayan ka gyara ma ba ka gama ba. Sai ka rubuta gwajin da zai hana matsalar dawowa, sannan ka tura wa abokin aiki ya yi bita. Nan ne ake sanin mai haƙuri. Ka kwana biyu kana abu, kana ji da shi, wani ya zo ya jera maka gyara goma sha biyu. Farkon zuwana ina jin abin kamar zagi. Daga baya na gane wanda ya zauna ya karanta aikinka har ya samo gyara goma sha biyu, taimakonka ya yi. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mai danna amincewa cikin sakan biyar.

Bari in ba ka labarin ranar da na fi shan gumi, don ka san kowa da irin tasa. Shekarata ta biyu da fara aiki, a wani kamfani da ba sai na kama suna ba. Aka ce in gyara bayanin mutum ɗaya tak a rumbun bayanai. Na rubuta umarnin, na manta ban sa sharaɗin da ke cewa "na wane kaɗai" ba, na danna. Maimakon in ga an ce layi ɗaya ya canza, sai na ga lamba mai tsawo. Duk masu amfani da manhajar, kowa da kowa, na mayar musu da adireshin imel iri ɗaya. Ƙanina, na ji sanyi ya taso daga tafin ƙafata har ƙeya. Na yi kamar minti ɗaya ina kallon allo, zuciya na raya min in yi shiru in lallaɓa in gyara kafin kowa ya farga. Allah ya taimake ni na tashi na je wajen ogana na ce ga abin da na yi. Mutumin nan ko ɗaga murya bai yi ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ƙarfe nawa daidai?" Muka ɗauko kwafin ko-ta-kwana na daren jiya muka mayar da komai, abin ya ci mu har dare. Washegari a mitin ba a tsaya kan wa ya yi ba, abin da aka tattauna shi ne ta yaya aka yi ƙaramin ma'aikaci ke da ikon taɓa rumbun gaske kai tsaye ba tare da ido na biyu ba. Aka toshe wannan ƙofa. Da na ɓoye, ina tabbatar maka da an gano, don komai yana barin sawu a kwamfuta, kuma da daga ranar ba wanda zai ƙara sakin jiki ya ba ni wani abu mai muhimmanci.

Kada ka ɗauka ƙanana ne kaɗai ke yin irin wannan. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda an sa sabon kod a saba bakwai, wato manyan kwamfutocin da manhajar ke gudana a kansu, aka tsallake ta takwas. A ranar 19 ga Yuli 2024 kuma kun tuna, sabunta manhaja sau ɗaya daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows wajen miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cak. Waɗannan fa ƙwararru ne. Shi ya sa in ka ga muna ta naci kan gwaji da bita, muna ƙin tura sabon abu ana gab da tafiya hutun ƙarshen mako, jiki magayi ne.

Yanzu maganar tsalle-tsallen yare. Ƙanina, ka zauna wuri ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Python ɗin da ka bari, tun 1991 Guido van Rossum ya fitar da shi, har yau ana neman masu shi. JavaScript tun 1995. SQL, yaren rumbun bayanai, tun shekarun 1970. COBOL ma da aka ƙirƙira a 1959, har gobe akwai manyan bankunan da a kansa suke tafiya. Ba za su gudu su bar ka ba. Eh, akwai abin da ke mutuwa, waɗanda suka ƙware a Flash, manhajar da a da ake yin wasanni da bidiyo da ita a intanet, sun ga haka da aka rufe babinsa a ƙarshen 2020. Amma na san irinsu da suka koma wani fanni cikin 'yan watanni, saboda abin da suka iya na gaske yana nan: yadda ake warware matsala gunduwa-gunduwa, yadda ake tsara bayanai, yadda burauza ke magana da saba, yadda ake karanta saƙon kuskure har ƙarshe maimakon a firgita a rufe. In ka iya yare ɗaya sosai, na biyu sati kaɗan zai ɗauke ka. In kuwa ka ɗanɗana biyar sama-sama, ranar intabiyu tambaya ta uku za ta tona ka.

Sai ƙirƙirarriyar basira. Ba zan yi maka daɗin baki ba, abin ya taɓa mu. Tun da Copilot, mai taya mutum rubuta kod, ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen Nuwamba 2022, ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, yanzu cikin sakanni ake samun su. Ni kaina kullum ina amfani da ita. Ƙofar shiga ta ƙara ƙunci, wannan gaskiya ne. Amma kada a ɗora mata komai. Korar ma'aikata da kuka ji, Meta mutum 11,000 a Nuwamba 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairu 2023, babban dalilinta shi ne sun kwashi ma'aikata fiye da kima lokacin korona, sai kuɗin ruwa ya tashi, masu zuba jari suka fara ƙulle aljihu.

Abin da na lura da shi a wajen aiki shi ne, ita wannan aba takan ba ka amsa da cikakken ƙarfin hali ko da ƙarya take. Ta taɓa rubuta min kod mai kyan gani, tsaf-tsaf, ta kira wani umarni da babu shi sam a duniya. In ba ka iya karanta kod ba, ta ina za ka gane? Kuma ranar da abu ya fashe da ƙarfe biyun dare, wayar mutum ake bugawa, shi za a tambaya me ya faru. To ka tuna na ce yawancin aikin karatu ne da gano abin da ake so? Wannan ɓangaren ma ƙaruwa ya yi, don yanzu kod ɗin da za a karanta ya ninka. Shawarata gare ka a matsayin mai koyo: ka fara gwada abu da kanka har kanka ya yi zafi, sannan ka tambaye ta. Kuma duk layin da ta ba ka wanda ba za ka iya bayaninsa da bakinka ba, kada ka sa shi a aikinka.

Game da hawa matakai kuma, ba yawan yarukan da ka haddace ke mai da kai siniya ba. Juniya ana ba shi aiki a yanke, a ce yi kaza. Na tsakiya ana ba shi matsala ya nemo hanya. Siniya shi ne wanda zai saurari buƙata ya ce, tsaya, anya muna ma buƙatar gina wannan? Sau da yawa abin da mai aiki ya faɗa daban, abin da yake so daban, kuma sai ka yi ta tambaya kafin ka zaƙulo shi. Daga nan hanya takan rabu biyu: ko ka zama manaja, ka bar kod ka koma kula da mutane da mitin, ko ka ci gaba a ɓangaren fasaha kana tsara manyan ayyuka. Na gwada manajanci na shekara guda na dawo, ba jinina ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Abu ɗaya da ba a faɗa wa sababbi: in aka tambaye ka kwana nawa aiki zai ɗauka, kada ka faɗi lambar da ta fara zuwa bakinka don ka burge. Kowa yana raina aiki kafin ya shiga cikinsa. Ka ce bari in duba in dawo maka. Sannan in ka ga ba za ka cika alkawari ba, ka faɗa tun da sauran lokaci, kada ka bari sai ranar. Sai kuma jikinka. Baya, wuya, ido, wuyan hannu, duk suna karɓar rabonsu. Ka riƙa tashi kana miƙe ƙafa. In kuma daga gida za ka yi aiki da mutanen da ke wata nahiya, ka koyi rubuta saƙo gamsasshe, don mai amsa maka yana barci lokacin da kake tambaya, saƙo ɗaya mara kai sai ya cinye muku kwana guda.

Kai, na ga muryar nan ta yi tsawo. Ga abin da nake so ka yi. Ka koma kan Python ɗinka. Ka daina kallon bidiyon koyarwa na ɗan lokaci, don yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali hannun wani yake bi. Ka nemi matsala ƙarama ta gaske, ka gina abin da mutum biyar ko goma za su yi amfani da shi, ka sa shi a intanet, ka bari su lalata shi, su kira ka suna ƙorafi, ka gyara. Ka ɗora shi a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, ka rubuta bayanin yadda ake kunna shi kamar wanda bai san ka ba ne zai karanta. Nan da sati shida ka turo min ta bayan fage. Ina gaya maka tun yanzu, bayanin nan zan fara buɗewa kafin kod ɗin, kuma in na bi shi abin ya ƙi tashi a kwamfutata, dawo maka da shi zan yi. Sauran manyan da ke zauren nan, in akwai inda na tsallake ku ƙara masa. Wassalamu alaikum.