Me ya sa muryar ogan a fiyanona take fita a cakuɗe?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne daga Tudun Wada a Gombe, ina kaɗa fiyano a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, wani lokaci kuma a wajen biki. Yamaha PSR-S970 muke da ita. Duk sanda na zaɓi muryar ogan sai ta fito a cakuɗe, wani wuri ta yi tsawa, wani wuri ta nutse, kuma ba ta da wannan lilon da nake ji a faifan mawaƙan Amurka. Laifin na'urar ne ko na sifika?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Na'urarka lafiyarta ƙalau. Abin da nake zargi shi ne hannunka da ƙafarka har yanzu fiyano suke kaɗawa, alhali ogan wata halitta ce daban.

Muryar da kake nema ta Hammond ce, ogan mai lantarki da Laurens Hammond ya fitar a Amurka a 1935. A cikinta, ko ka danna a hankali ko ka doka da ƙarfi, ƙarar ɗaya ce, kuma kana ɗaga yatsa take yin shiru. To fara da nan. Kashe Touch, wato saitin da ke sa ƙara ta bi ƙarfin dannawarka, shi ne yake sa wani wuri ya yi tsawa wani ya nutse. Sannan ka ɗauke ƙafarka daga fedar da ke jan sauti. Muryar fiyano tana mutuwa da kanta, ta ogan kuwa ba ta mutuwa, saboda haka in ka taka feda ka sauya kod, wato sautukan da kake dannawa tare, tsohon yana nan, sabo ya hau kansa, sai a sami kwamacala. Yatsu ne za su haɗa maka sauti, wannan ya sauka kafin wancan ya tashi. In kuna da hali ku sayi fedar ƙara da rage murya, ita ce numfashin ogan.

Yanzu shiga Organ Flutes, sashen fiyanon da ake haɗa muryar ogan. Za ka ga sanduna tara a allo, kowace tana tafiya daga 0 zuwa 8, da lambobi irin 16, 8 da 4 a kansu. Lambobin nan tsawon bututun ogan na da ne, a ma'aunin ƙafa. Sandar 8 ita ce ainihin abin da ka danna. Ta 16 tana ba ka shi a ƙasa da zango ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin do da do na gaba, ta 4 a sama da zango ɗaya. Ta 5 1/3 kuwa, in ka danna do, ita so take rerawa a samansa, kuma ita ce ke ba wa muryar kauri. Ka lura, maɓallan ƙasan allo takwas ne, shi ya sa 16 da 5 1/3 suke raba guda ɗaya. Mutane da yawa ba su ma san ta biyun tana wurin ba.

Mayar da duka zuwa sifili, ka jawo ukun farko (16, 5 1/3 da 8) zuwa matakin 8, wato 888000000, kowace lamba tana nuna matakin sanda ɗaya. Riƙe kod ɗaya ka saurara. Wannan shi ne tuwon, sauran duk miya ce. Lokacin addu'a ko waƙa mai sanyi, gwada 008400000, za ka ji ta yi laushi kamar sarewa, ba ta danne mai ba da waƙa. In amshi ya ɗauki zafi, ƙara sandar ƙarshe zuwa 4 ko 5 don ta yi sheƙi. Ni dai ba na son a jawo tara ɗin gaba ɗaya tun farkon waƙa, domin in an kai ƙololuwa ba ka da sauran abin ƙarawa. Kuma muddin akwai mai jitar bes a ƙungiya, rage 16 zuwa 4 ko ƙasa, ka bar masa filinsa.

Lilon da ka ambata ba daga ogan ɗin yake fitowa ba. Daga akwatin sifika ne da Donald Leslie ya ƙirƙiro, wanda a cikinsa akwai ƙaho a sama da ganga a ƙasa, dukansu suna juyawa. A hankali suna yin kamar zagaye 40 zuwa 50 a minti, da sauri kuwa suna kusan 400. Fiyanonka yana kwaikwayon wannan da saitin da ake kira Rotary. Daɗin yana wurin sauyawa, lokacin da ƙahon ya riga gangar ɗaukar gudu, sauti ya yi kamar guguwa tana tasowa. Bar shi a hankali cikin baiti, ka sake shi da sauri ana dab da shiga amshi, sannan ka dawo da shi. Wanda ya bar shi da sauri tun daga farko har ƙarshe, kunnen jama'a yake gajiyarwa.

Sifika ma tana da nata kason. In waya ɗaya kuke kaiwa miksa, a ramin L/L+R za ka sa ta. In kuna da sifika biyu, ja waya biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, a nan ne juyawar take fitowa sosai. Eko kuma rage shi ƙwarai. Na taɓa zuwa wani ɗakin taro mai rufin kwano da bangon siminti a Bauchi, na tarar da yaro ya cika eko a fiyano, mai miksa shi ma ya ƙara nasa, ɗakin kuma yana mayar da nasa. Muna kashe biyun farko sai ga mata masu amshi sun fara jin inda za su shiga.

Ka yi wannan gwaji a cikin cocin, da sifikar da kuke aiki da ita, domin abin da ya yi daɗi a na'urar kunne sau da yawa yakan yi nauyi a fili. In ka sami saiti uku da suka kwanta maka, na sanyi, na tsaka-tsaki da na zafi, adana su a Registration Memory, wato ma'ajiyar saiti ta fiyanon, maɓalli na 1, na 2 da na 3, ka kuma kwafe su a filashi ka ajiye a gida.