Damshin ƙasa da hasashen zafi: amsoshin masu karatu

Tambaya daga wani manomi a Tawa: Na ji a rediyo cewa masu hasashen yanayi suna duba damshin ƙasa kafin su faɗi irin zafin da za a yi. Mu nan Adar tun kaka ƙasarmu take a bushe. To me za su gani a cikinta?

Malam, ka tuna da randa. Ruwan da ke cikinta yana sanyi saboda ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Ƙasa ma haka take. Idan tana da damshi, yawancin ƙarfin rana yakan ƙare wajen mayar da ruwa tururi, ta bakin ƙasa da ta ganyen shuka. Aikin ba ƙarami ba ne: ƙarfin da ke busar da lita ɗaya ta ruwa ya fi sau bakwai na wanda zai kai ta ga tafasa. Idan kuwa ƙasa ta bushe, wannan ƙarfin duka sai ya koma dumama ƙasa da iskar da ke kanta. Abin da ya tsananta zafin Turai a 2003 da na Rasha a 2010 ke nan: ƙasa ta riga ta bushe kafin lokacin zafinsu ya shigo.

Amma kana da gaskiya game da bazarar nan tamu. A Afrilu da Mayu, jigawa ta yi wata biyar ko shida ba ta ga ɗigo ba, bara haka, bana haka, don haka ba ta bambanta shekara da shekara sosai. Abin da mai hasashe ya fi sa wa ido a lokacin shi ne laimar da ke cikin iska. Iskar damina da ke tasowa daga tekun Gini takan iso kafin ruwan kansa, sai ta riƙe zafin dare kamar an lulluɓe gari da bargo. Shi ne daren da mutum yake kwana waje yana zufa har asuba, kuma shi ne ya fi cutar da tsofaffi da jarirai, domin jiki bai samu hutu ba.

Inda damshin ƙasa yake da magana a wurinmu shi ne cikin damina da ƙarshenta. Idan ruwan shuka ya sauka a Yuni sannan aka yi fari na kwana goma ko sama, ƙasa mai yashi takan bushe da wuri, zafin rana ya haura, ƙaramin hatsi ya ƙone. Haka kuma zafin Oktoba: shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, zafin kaka yakan fi ƙarfi a kan tudu fiye da cikin fadamar Maggiya, inda laka ke riƙe ruwa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Yamai: Yaya ake auna damshin, kuma me ya sa hasashen yake kuskure wani lokaci?

Malama, hanya mafi tsufa ita ce mafi aminci. A ɗebo ƙasa, a auna nauyinta, a busar da ita a tanda mai digiri 105 na awa 24, a sake aunawa. Idan giram 100 ya koma 92, sai a raba 8 da 92: damshin ya kusa kashi 9 cikin 100. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin samfurin a buɗe kafin a kai shi ma'auni. A zafin nan, ɗan jinkiri ya isa ya rage lissafin. A rufe shi cikin gwangwani tun daga gona.

Ga faɗin ƙasa kuwa sai tauraron ɗan adam: SMOS na Turai tun 2009, da SMAP na Amurka tun 2015. Irin waɗannan bayanai ne cibiyoyin nazarin yanayi kamar AGRHYMET da ACMAD, duka a nan Yamai, suke haɗawa da awon ruwan sama. Sai dai taurarin ba sa ganin abin da ya wuce kusan santimita 5 na saman ƙasa, alhali saiwar gero tana shan ruwa daga can ƙasa. Ga shi kowane awo yana ɗaukar fili mai faɗin kilomita wajen 40, mu kuwa hadarinmu yakan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Idan kwamfutar hasashe ta zaci an yi ruwa inda ba a yi ba, za ta ba da zafin da bai kai na gaske ba.

Wani abu da binciken AMMA na 2006, wani babban nazari kan daminar Afirka ta Yamma, ya taimaka aka gano a yankinmu: hadarin maraice ya fi son tashi a kan iyakar da busasshiyar ƙasa ta haɗu da jiƙaƙƙiya. Saboda haka kuskure a taswirar damshi yakan ɓata hasashen zafi da na ruwa tare, kuma shi ya sa kowane ma'aunin ruwan sama da ke ƙauye yake bukatar mai karanta shi kullum da safe.